Rabin Milimita Tsakanin Gani da Hakiya



Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, hazo ya sauko, sai koke-koken ido su yawaita. Wannan ya ce idonsa na yi masa ƙaiƙayi, wancan ya ce ji yake kamar an watsa masa yashi, wata kuma ta ce hawaye ke ta zubo mata alhali ba abin da ya ɓata mata rai. Amsar da aka saba bayarwa ita ce, ai ƙura ce. To, ƙura ce, ba musu. Amma me ƙurar ta taɓa a cikin idon? A kan wannan sharhinmu na yau zai tsaya.

In akwai wani kusa da kai, ka dubi idonsa ta gefe, inda haske ke faɗowa. Za ka ga wani tantani garau, mai ɗan tudu, ya rufe baƙin idon. Launin da kake gani, baƙi ne ko ruwan ƙasa, a bayansa yake. Shi kansa ba shi da launi ko kaɗan, shi ya sa mutum zai shekara sittin yana duba madubi bai taɓa lura da shi ba. Likitoci na kiransa koniya. Faɗinsa milimita 11 zuwa 12 ne, kaurinsa a tsakiya kuwa kusan rabin milimita. Duk abin da ka taɓa gani a duniya, fuskar mahaifiyarka, baƙin rubutu a allo, jinjirin watan azumi, ta cikin wannan rabin milimitar ya wuce.

Ba wucewa kawai haske ke yi ba, lanƙwasa shi ake yi don ya taru a can bayan ido inda hoto ke haɗuwa. Masu auna tabarau suna lissafa ƙarfin ido gaba ɗaya a kan awo 60 ko kusa da haka, a cikinsu kuma kusan 43 na koniya ne. Wato sama da kashi biyu cikin uku na aikin a bakin ƙofa ake gama shi. Ƙarfin nan daga haɗuwar iska da damshin fuskar tantanin yake samuwa. Yaran da ke ninƙaya a kogi sun san abin: in ka buɗe ido a cikin ruwa komai dishi-dishi za ka gani, domin ruwa ya maye gurbin iskar, lanƙwasar ta ɓace. Haka nan in tudun tantanin ya ɗan karkace, ko ya yi tsini, gani zai gurɓace ko da sauran idon lafiya lau yake. A nan zan ja kunnen iyaye. Akwai yaran da idonsu ke yawan ƙaiƙayi, farin idon ya rine ya koma ruwan ƙasa, kullum hannu na kan ido ana murza. Murzar nan ta shekara da shekaru tana iya raunana tantanin har ya fara tsini. Yaro irin wannan magani yake bukata, tsawa ba za ta hana shi sosa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki a halittar nan shi ne, zaren naman da aka gina farin ido da shi, da wanda aka gina koniya da shi, dangi ɗaya ne. Ɗaya fari fat, haske ba ya ratsa shi, ɗayan kuma garau. Me ya raba su? Tsari. A farin ido zarurrukan manya da ƙanana ne, a cakuɗe. A koniya kuwa duk kaurinsu ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu ɗaya, an shimfiɗa su hawa-hawa, sama da hawa 200. Wani masani a Landan mai suna David Maurice ne ya yi bayanin wannan a 1957, ya nuna cewa daidaiton jerin ne ke barin haske ya wuce ba tare da ya watse ba. Ƙari a kan haka, babu jijiyar jini ko ɗaya a cikin lafiyayyar koniya. Sannan ruwan da ke cikinta ƙayyadadde ne, kusan kashi 78 cikin 100. In ya ƙaru kaɗan, jerin ya wargaje, tantanin ya yi gajimare.

Wa ke tsare wannan awon? A can cikin tantanin, ta ɓangaren da ke kallon cikin ido, akwai jeri ɗaya tak na ƙananan ƙwayoyin halitta masu kusurwa shida. Ruwan cikin ido kullum yana tsatsafowa cikin koniya, su kuma kullum suna mayar da shi, kamar masu kwarfe ruwa daga kwalekwale mai yoyo, dare da rana ba hutu. Mahauta da masu sayen kifi sun san sakamakon tsayawar wannan aiki ko da ba su san dalilinsa ba. Idon dabbar da aka yanka yanzu garau yake, bayan wasu sa'o'i sai ya dushe, mai sayen kifi kuma ido yake dubawa ya san ko na yau ne. Mu kuwa, da adadinmu na waɗannan ƙwayoyin ake haifarmu, sama da 3,000 a kowane murabba'in milimita, suna raguwa a hankali yayin da shekaru ke tafiya, baligi ya kan kasance da kusan 2,500. Wadda ta mutu ba a maye gurbinta, sai dai maƙwabtanta su miƙe su rufe wurin. In suka ragu zuwa wajen 500, aikin ya fi ƙarfinsu, tantanin ya kumbura, gani ya tafi.

Littattafan likitanci sun daɗe suna kasa koniya hawa biyar, biyu daga ciki ma suna ɗauke da sunayen waɗanda suka bayyana su, Bowman ɗan Ingila da Descemet ɗan Faransa. A 2013 wani likita a Jami'ar Nottingham, Harminder Dua, ya ce ya gano na shida, masana kuma har yanzu ba su gama muhawara a kai ba. Mu bar musu wannan. Abin da ya shafe ni da kai shi ne bambancin da ke tsakanin hawan farko da sauran.

Hawan farko, fatar da ke waje, tana sabunta kanta cikin kwana 7 zuwa 10, daga wasu ƙwayoyin asali da ke zaune a da'irar da baƙin ido ya haɗu da fari. In farcen jariri ya karce ka, ko 'yar tsakuwa ta goge wurin, cikin kwana ɗaya zuwa uku ya warke, ba tabo. Amma in rauni ko gyambo ya huda wannan fatar ya shiga naman tsakiya, wanda shi ne kashi 90 cikin 100 na kaurin, jiki zai yi gyara, sai dai gyaran gaggawa ne. Zarurrukan da zai saƙa ba za su bi tsohon jeri ba. Farin tabon nan da muke gani a baƙin idon mutum, wanda muke ce wa hakiya, ke nan.

Mutane kan haɗa hakiya da yanar ido, alhali wuri daban suke. Yana a ciki take, a bayan baƙin ido, kuma aikin minti kaɗan a asibiti yana raba mutum da ita, tsoho ya tashi yana gani. Hakiya a ƙofa take. Ba ɗigon da ke wanke ta, ba tsimin da ke narkar da ita, ba hayaƙin da ke ɗage ta. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007, a kan 'yan shekara 40 zuwa sama, ya nuna yanar ido ce kan gaba da kashi 43 cikin 100, tabon koniya kuma ya kai kusan kashi 8. Kashi 8 ƙaramin adadi ne a kunne. Amma mai yana galibi tsoho ne, kuma yana da mafita. Mai hakiya sau da yawa tun yana yaro ya same ta, da ita kuma zai tsufa.

Allah bai bar wannan tantani ba tsaro ba. Yana cikin wuraren da suka fi ko'ina yawan jijiyoyin ji a jikin ɗan Adam, ya ninka fata sau ɗaruruwa. Shi ya sa ƙwayar yashi ɗaya ke hana ƙato sukuni. Mai walda da ya yi aiki ba gilashin kariya ya san azabar da ke tashe shi cikin dare, hasken ne ya ƙone fatar wajen. Zafin nan rahama ne, domin shi ke sa ka ƙifta, ka yi hawaye, ka nemi taimako. Masu cutar kuturta da wasu masu ciwon suga da jin ya dushe musu, idonsu kan yi gyambo ba su sani ba. Saboda haka ɗigon kashe zafi da likita ke sa wa ido lokacin dubawa, ba na kai wa gida ba ne. Wanda ya mayar da shi maganin kullum, ya rufe bakin mai gadi, ya kuma hana raunin warkewa.

To, naman da ba jini a cikinsa, da me yake rayuwa? Abincinsa daga ruwan cikin ido yake zuwa. Iskar shaƙa kuwa kai tsaye yake ɗaukarta daga sarari, ta narke a cikin hawayen da ke kansa. Wannan ya sa nake jin tsoron yayin da ya shigo na ɗan faifan roba mai launi da amare da ƙawayensu ke maƙala wa ido ranar biki. A saya a kasuwa ba awo, a sa da hannun da ya gama shafa hoda, a wanke da ruwan famfo, wata ma ta kwana da shi, gobe ta ara wa ƙawarta. An toshe wa tantanin numfashi, an kuma kai masa ƙwayoyin cuta har gida. Hoton biki na kwana ɗaya bai kai wannan kasada ba.

Yanzu mu zo kan hawaye. Mu dai in an ce hawaye, kuka muke tunawa, ko yankan albasa. Amma akwai hawayen da ba ya zuba, wanda ke kwance a kan idonka yanzu haka da kake saurarona. Siririyar shimfiɗa ce, kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na silin gashi ba, duk ruwan da ke idon kuma bai cika ɗigo guda ba. Ita ce haske ke fara tararwa. Fuskar koniya in an duba ta da madubin likita ba sumul take ba, hawayen ne ke cike ƙananan ramukanta ya mayar da ita santsi. Shi ya sa mai busasshen ido ke ganin rubutu ya dushe, ya ƙifta, ya washe, can kuma ya sake dushewa.

Abu uku aka haɗa aka yi wannan shimfiɗa. A ƙasa akwai yauƙi, wanda wasu ƙwayoyi na fatar farin ido ke fitarwa, shi ke sa ruwa ya kama jikin tantanin maimakon ya gangare. A tsakiya ruwan ne, daga wata ƙaba da ke sama da ido ta gefen kunne, ƙarƙashin ƙashin gira, da wasu ƙanana a cikin fatar ido. A sama kuma maiƙo ne, yana fitowa daga ƙananan ƙofofi da ke jere a bakin fatar ido, bayan gashin, wajen 30 a ta sama, ƙasa da haka kaɗan a ta ƙasa. Wani likita Bajamushe, Heinrich Meibom, ya bayyana su tun a 1666. Maiƙon nan shi ke hana ruwan saurin ƙafewa, kuma toshewar ƙofofinsa na daga cikin manyan dalilan bushewar ido. Kowace ƙiftawa tana matso maiƙon, ta sake shimfiɗa komai. Mutum kan ƙifta sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya. Amma in ya ƙura wa waya ko kwamfuta ido, adadin kan faɗi ƙasa da rabi. Ka haɗa wannan da iskar hunturu, da fanka a saitin fuska, da hayaƙin itace a madafa, da ɗan acaɓa da ke keta iska ba tabarau, za ka gane inda koke-koken suka samo asali. Mata da suka manyanta, bayan ɗaukewar al'ada, su abin ya fi kamawa.

Ga wani abin da ke rikita marasa lafiya. Mutum zai je asibiti yana kukan ruwa na zubo masa, likita ya ce idonka a bushe yake. Ba zolaya ba ce. Shimfiɗar ce ta tsage, jijiyoyin suka ji, suka aika saƙo, ƙabar ta buɗe ruwa da yawa lokaci guda, ruwan da ba isasshen maiƙo da yauƙin da za su riƙe shi, sai ya bi kumatu. Hanyarsa ta asali wasu ƙananan huda biyu ne a kusurwar ido ta wajen hanci, daga nan ya gangara cikin hanci. Dalilin da ya sa mai kuka ke jan majina ke nan, kuma dalilin da ya sa kake jin ɗacin maganin ido a maƙogwaro. Ɗigo ɗaya na magani ya ma fi abin da ido zai iya riƙewa, don haka mai ɗiga uku ko huɗu wai don ya fi aiki, kuɗinsa kawai yake zubarwa.

Hawaye kuma ba ruwan gishiri kawai ba ne. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, tun a 1922 ya wallafa cewa akwai wani sinadari a majina da hawaye mai narkar da bangon wasu ƙwayoyin cuta. Daga baya aka gano wasu, har da wanda ke ƙwace sinadarin ƙarfen da ƙwayoyin cuta ke bukata don su hayayyafa. Ido da maganinsa aka halicce shi. Yawancin masifar da muke gani, ko dai daga rushewar wannan tsaro take, ko daga abin da hannunmu ya zuba a ciki.

Ɗauki ƙyanda. Ƙwayoyin da ke yin yauƙin nan ba sa aiki sai da bitamin A. Yaron da ba ya samun manja, ko zogale, ko karas, ko kabewa, ko mangwaro, ko ƙwai da hanta, ajiyarsa kaɗan ce, alamar farko kuma ita ce dundumi, da magariba ta yi ya fara laluben hanya. In ƙyanda ta kama shi sai ta ƙarasa cinye ajiyar. Idon ya bushe, tantanin ya yi laushi, cikin 'yan kwanaki ya narke. Yaron yana kwance a ɗaki mai duhu, ido a rufe, ana jiran ƙurajen su gama fitowa. Ranar da ya buɗe ido, an makara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk yaron da ƙyanda ta kama a ba shi bitamin A kwana biyu a jere. Ɗigon da ma'aikatan lafiya ke matsa wa yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 a baki sau biyu a shekara, da allurar rigakafin ƙyanda, sun ceci idanun da ba asibitin da zai iya gyarawa.

Amosanin ido kuwa a hankali yake ɓarna. Ƙudaje da hannu da tsumma ke yaɗa shi tsakanin yara, ya yi ta dawowa, har cikin fatar ido ya yi tabo, ta lanƙwashe, gashin ya juya yana gogar koniya a kowace ƙiftawa. Tsofaffin mata a karkara da ke yawo da matsefata suna cire gashin ido, abin da ke damunsu ke nan, kuma ƙaramar tiyata ce ke gyara shi. Ghana ta rabu da wannan cuta a matsayin matsalar jama'a tun 2018, da wanke fuska, da tsaftar muhalli, da magani, da tiyata. Abu ne mai yiwuwa.

Sai kwalli. Ado ne mai daɗaɗɗen tarihi, yana da gurbi a al'ada da addini, ba kuma shi nake yaƙa ba. Amma da yawa daga dutsen da ake sayarwa da sunan kwalli, dalma ce. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da dalma ta hau masa jini, aka bi sawu aka tarar daga tozalin da aka kai daga Najeriya ne, sama da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Kuma a daidai bakin ƙofofin maiƙon nan ake zizara shi, sau da yawa da mazizari ɗaya duk gidan. Babba ya san abin da ya zaɓa wa kansa. Jariri dai a ƙyale masa ido.

Inda na fi jin takaici shi ne lokacin afolo, jan idon nan mai yaɗuwa da ya samo sunansa daga annobar da ta ɓarke a Ghana a 1969, shekarar da kumbon Apollo ya sauka a duniyar wata. Ciwo ne da galibi yake warkewa da kansa cikin mako ɗaya ko biyu. Amma sai a zuba ruwan suga, a zuba ruwan albasa, a zuba ruwan batir, a zuba fitsari. Fitsarin mai ciwon sanyi yana ɗauke da ƙwayar cutar da ke iya huda lafiyayyar koniya cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya waye kuma ya tafi kemis, a miƙo masa ɗigon da ke ɗauke da sinadarin kwantar da kumburi. Ja ya ragu, ya ji daɗi, alhali in gyambo ne a ƙasa, an ɗaure wa jiki hannu an saki cutar. Manomin da ƙaiƙayin gero ko ganyen dawa ya soke shi a ido lokacin girbi ko sussuka, shi ya fi kowa shiga wannan haɗari, domin irin raunin nan yakan shigar da cutar fumfuna, wadda wannan ɗigo ke ƙara wa ƙarfi.

Wuri ɗaya ne ake so ka fara magani da kanka kafin asibiti. In siminti, ko farar ƙasa, ko sodar yin sabulu, ko ruwan batir ya fantsama a ido, kada ka tsaya neman abin hawa. Buɗe idon, a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta, na buta ne ko na leda, minti 20 zuwa 30, sannan a tafi. Soda da siminti sun fi ruwan batir ɓarna, domin ratsawa suke yi su shige ciki.

Wanda hakiya ta riga ta rufe wa gani, abin da ya rage shi ne dashe, a cire tantanin da ya lalace a ɗinka na wani. Aikin ya daɗe. A 1905 likita Eduard Zirm ya yi na farko da ya yi nasara, a garin Olomouc da ke ƙasar Cek a yau, ga wani lebura da farar ƙasa ta ƙone wa idanu. Rashin jijiyar jinin nan ya sa jiki bai cika ƙin dashen koniya ba yadda yake ƙin na ƙoda. Matsalar ita ce samu. Ba a ƙera ta a masana'anta yadda za ta wadatar, daga wanda ya rasu ya bar izini ake ɗauka, wani bincike na duniya da aka wallafa a 2016 kuma ya nuna cewa a cikin mutum 70 da ke bukata, ɗaya ne ke samu. A ƙasashenmu, inda ba a saba da irin wannan kyauta ba, abin ya fi haka wuya. Magana ce da ya dace malamai da likitoci su zauna a kanta su yi wa jama'a bayani.

Kafin nan, masu sauraro, ga roƙona. Idon da ya yi ja tare da zafi mai tsanani, ko ya kasa kallon haske, ko gani ya ragu, ko aka hango ɗan farin ɗigo a kan baƙinsa, kada a ɗiga masa komai, kada kuma ya kwana biyu a gida. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano, akwai sashen ido a manyan asibitocin jihohi. Yaron da ƙyanda ta kama kuwa, uwa ta riƙa buɗe idonsa tana dubawa kullum, ta kuma kai shi a ba shi bitamin A tun ranar farko.